3.4 Dokar Jihar Kalifoniya Kan Cinikin Wasannin Bidiyo

A wannan sashe za a duba yadda koken masu saye ya kai ga kafa doka a Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka. A da, idan mutum ya sayi wasan bidiyo, faifai ake miƙa masa ya tafi da shi gida, in ya so ya ajiye, ko ya ba da aro, ko ya sayar. A yau kuwa, galibin wasannin ta intanet ake sauke su, kuma abin da mai saye yake biya wa kuɗi izinin amfani ne kawai, wato lasisi, wanda kamfani yake iya janyewa.

Alal misali, kamfanin Ubisoft ya fitar da wasan tseren motoci mai suna The Crew a shekarar 2014. A ƙarshen watan Maris na 2024 ya rufe na'urorin da wasan ya dogara a kansu, nan take wasan ya daina aiki, har a hannun masu faifai.

Ganin irin haka ne 'yar majalisar jihar, Jacqui Irwin, ta gabatar da ƙuduri mai lamba AB 2426. Gwamna Gavin Newsom ya sa masa hannu a Satumba 2024, ya kuma fara aiki ranar 1 ga Janairu 2025. Dokar ta hana 'yan kasuwa amfani da kalmar "saya" sai an bayyana wa mai saye cewa lasisi ne yake karɓa. Ke nan, dokar ba ta hana kamfani janye wasa ba. Ta dai tilasta masa faɗin gaskiya kafin a biya kuɗi.