Mece ce lambar CVE, kuma don me PostgreSQL ke bayyana rauninta?

A labaran kutse a rumbun bayanai, sau da yawa sai ka ji an ambaci lambar CVE. Lamba ce da ake bai wa kowace kafa da aka gano a manhaja, wadda masu kutse za su iya bi su shiga, kuma cibiyar MITRE ta Amurka ce ta fara tsarin a 1999. PostgreSQL, manhajar adana bayanai da kowa ke iya duba yadda aka rubuta ta, tana tattara irin waɗannan kafofi wuri guda: lambar kowace kafa, sigogin manhajar da ta shafa, sigar da aka toshe ta a ciki, da makin haɗarinta daga 0 zuwa 10. Wanda ya gano kafa kan sanar da kwamitin tsaron PostgreSQL a asirce, a gyara, sannan a bayyana.

Wasu na ganin wannan nuna wa ɓarawo ƙofa ne. Amma tunda manhajar a buɗe take, mai neman ɓarna zai iya gwada tsohuwar siga da sabuwa ya gane abin da aka toshe. Ɓoyewa ba za ta hana shi komai ba, mai kula da rumbun banki ko asibiti kaɗai za ta bari cikin duhu. Shi ne kuwa ke bukatar sanin ko sigarsa na cikin jerin, musamman da yake shekara 5 kacal ake tallafa wa kowace babbar siga, bayan nan ba sauran gyara.