Baƙo Ya Fara Koyon Hausa Daga Bakin Ganga

Shirinmu na musamman na yau ya shafi malaman harshe da masu saukar baƙi a Birnin Kebbi da Argungu. Idan mutum ya zo ba ya jin Hausa, daga ina ya kamata a fara masa? Irin waɗannan baƙi ba sa yankewa: ga 'yan hidimar ƙasa da ake saukewa a sansanin Dakingari, ga ɗalibai daga kudu a makarantar Waziri Umaru, ga masu zuwa kallon bikin kamun kifi. Matsayin wannan shiri shi ne, da zarar baƙo ya iya gaisuwa da ƙirga, darasi na gaba ya zama siffanta kiɗan murna.

Hujja ta farko tana cikin ginin Hausa kanta. Harshe ne mai karin sauti, murya takan hau, takan sauka, takan faɗo, kuma wasali yakan yi tsawo ko ya gajarta, amma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya. Wanda ya ga "gari" a takarda ba zai san na zama ake nufi ko na tuwo ba sai ya ji daga baki. Littafi ya gaza a nan, kalangu kuwa bai gaza ba. Makaɗi yakan matse igiyoyinsa a hammata sautin ya hau, ya sassauta ya sauka, shi ya sa ɗan dambe ke gane takensa tun daga nesa ba tare da an ambaci sunansa ba. Ɗalibin da aka zaunar ya saurari kalangu, aka tambaye shi ina sauti ya hau, ina ya sauka, kunnensa ake horarwa a kan abin da ya fi wahalar da baƙi a Hausa.

Sai mu gangara kogin Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi na Argungu. Wannan biki ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka rufe babin gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Ranar kamun kifin, dubban masunta na rugawa ruwa da homa da gora, makaɗa na cikin kwale-kwale, 'yan kallo na sowa duk lokacin da aka ɗago giwan ruwa. A ba sabon ɗalibi wannan fage a ce ya faɗi abin da ya ji. Zai ce ganga ta yi daɗi, kalangu ya yi zaƙi, algaita tana tashi, mata suna guɗa, samari suna rawa. Jimloli ne na kalma uku ko huɗu, amma a cikinsu ya rarrabe "ya" da "ta", ya gane ganga mace ce kalangu namiji, ya taɓa jam'i, ya bambanta abin da ya wuce da abin da ke gudana. Kuma mutum ba ya saurin manta maganar da ya fara faɗa yana cikin farin ciki.

Dabarar ba ta tsaya kan Hausa ba. A ƙasar Sulobakiya da ke tsakiyar Turai akwai ƙauyen Terchová, wanda kiɗansa na tsirkiya mai sa rawa ya shiga wannan jeri na UNESCO a 2013. Harshen ƙasar jinsi uku gare shi, kuma siffa tana bin jinsin suna, don haka mai koyo da ya ce kiɗan na da sauri, waƙar na da daɗi, ya riga ya shiga nahawu bai sani ba.

Wani zai ce baƙo ya fi bukatar Hausar kasuwa da ta asibiti. Gaskiya ne yana bukatarsu, sai dai kalmomin siffanta kiɗa ba sa kwana a dandali. Sauri, sannu-sannu, ƙarfi, yawa, daɗi, da su zai ce wa mai kabu-kabu ya rage gudu, da su zai yaba girkin uwargida, da su zai gaya wa likita ciwon ya yi ƙarfi. Wani kuma zai ce waƙoƙin Hausa sun yi wa ɗan koyo nauyi, cike suke da kirari da habaici da zambo. Wannan ma haka yake. Ko Bahaushe sai ya nutsu kafin ya warware waƙar Narambaɗa ko ta Sani Aliyu Ɗandawo. Amma ba fassara baiti aka ce ɗalibi ya yi ba. An ce ya faɗi abin da kunnensa ya ji da abin da idonsa ya gani, baitocin su jira shekara ta biyu.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na iyaye da malaman da ba sa son kiɗa a aji saboda addini, kuma bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba. Malami na da zaɓi. Akwai kakaki da algaita na hawan salla a ƙofar fada, akwai waƙoƙin daka da na gaɗa da tafi kawai ke raka su, akwai mandiri. Abin da darasin ke nema shi ne sauti mai faranta rai da za a iya siffantawa, kuma wanda ya ƙi wani nau'i ba a tilasta masa. Batun karin harshe kuwa, cewa baƙo zai ji "kiɗi" a bakin Kabawa alhali littafi ya ce "kiɗa", ba aibu ba ne. Da Kabawa zai zauna, kuma malami na iya nuna masa duka biyun a minti ɗaya.

Don haka muna kira ga sashen Hausa na Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da masu kula da gidan tarihi na Kanta a Argungu, su haɗa kai su naɗi gajerun sautukan kayan kiɗanmu, kowanne da jimloli biyar masu sauƙi, a riƙa ba baƙi a wayoyinsu kafin biki mai zuwa. Ku kuma masu sauraro, idan akwai baƙo a unguwarku, ku gayyace shi suna ko ɗaurin aure, ku tambaye shi yadda ya ji kiɗan, ku yi haƙuri ya amsa da Hausa.