Yadda Za A Ƙarfafa Hannun Hukuma Ta Hana Cin Zalin Mata

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ina so in yi magana a kan wani al'amari wanda kowa ya san da shi, amma kaɗan ne ke yarda su ambace shi a fili, watau dukan mata a gidajen aurensu, da korarsu da tsakar dare, da yi wa 'yan mata fyaɗe. Wa'azi a kan wannan na bar wa waɗanda suka fi ni sani. Abin da nake nufi shi ne in bayyana abin da hukuma ta tanada a nan Adamawa, da abin da ya rage a yi kafin macen da ke zaune a Ajiya, ko Luggere, ko Jambutu, ta ga amfanin dokar da aka yi dominta.

Bari mu fara da girman abin. A shekarar 2018 Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Nijeriya ta yi wani babban bincike a kan lafiyar iyali, ta bi gida gida a dukan jihohi. Aka tarar cikin matan da ke da shekara 15 zuwa 49, kashi 31 cikin ɗari an taɓa dukansu ko ji musu ciwo tun daga lokacin da suka kai shekara 15. Cikin waɗanda suka taɓa aure kuwa, kashi 36 cikin ɗari sun sha wuya a hannun miji, ko ta duka, ko ta tilastawa, ko ta wulakanci. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, cikin waɗanda aka cuta, kashi 32 cikin ɗari kaɗai suka nemi taimako, yawancinsu kuma wurin danginsu suka tafi. Ashe abin da ke isa gaban hukuma ɗan kaɗan ne. Wannan ciwo kuwa duk duniya ne, gama a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mace ɗaya cikin uku ta taɓa gamuwa da shi.

To, me doka ta ce? Dokar Final Kod ta Arewa, wadda aka yi a 1959, ta fara aiki a 1960, tana da wani sashe, na 55, wanda ya kamata kowane malami ya san labarinsa. Sashen ya jera mutum huɗu waɗanda horonsu ba laifi ba ne muddin bai kai ga mummunan rauni ba: uba ga ɗansa, malamin makaranta ga ɗalibinsa, ubangida ga baransa, da miji ga matarsa in al'adarsu ta yarda da haka. Ku duba fa, an sa matar aure a layi ɗaya da yaro da bara. Mutane da yawa sun girma suna jin cewa haka abin yake, har da waɗanda aka ɗora wa aikin tsaron doka.

Ran 25 ga Mayu, 2015, Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar hana cin zalin mutane, wadda aka fi sani da VAPP. Ta ce wanda ya doki matarsa, ko wadda ta doki mijinta, ana iya ɗaure shi har shekara 3, ko tarar da ta kai Naira 200,000, ko duka biyu. Korar abokin aure daga gida da ƙarfi, ɗauri har shekara 2. Yin watsi da mata da 'ya'ya ba ci ba sha, har shekara 3. Fyaɗe kuwa yana iya kai mutum ga ɗaurin rai da rai, kuma dokar ta yarda namiji ma ana iya yi masa. Har wa yau ta kawo wani abu sabo, watau takardar kariya. Alƙali ke ba da ita, ya hana mai cutar sake taɓa wadda ta yi ƙara, ko kusantar inda take, tun ba a gama shari'a ba.

Amma wannan doka a Abuja kaɗai take aiki, sai kowace jiha ta yi tata. A 2020, sa'ad da cutar korona ta kulle mutane a gida, labarin fyaɗe ya yi yawa har gwamnonin ƙasar nan suka taru a watan Yuni suka ce abin ya zama na ta-ɓaci. A 2021 Majalisar Dokokin Adamawa ta yi irin wannan doka, Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya sa mata hannu, sa'an nan a 2022 aka bi ta da dokar kare yara. Lalle wannan abin godiya ne.

Sai dai doka ba ta da ƙafa, ba ta zuwa gidan kowa da kanta. Mutane ne ke ɗaukarta. Macen da aka fasa wa baki da dare ba ta san lambar sashe ba, ƙofa take nema ta buga. In wanda ya buɗe ya san aikinsa, kuma yana da kayan yin sa, doka ta yi rai. In bai sani ba, sai ya ce mata ta yi haƙuri ta koma, ita kuwa ba za ta sake fitowa ba. Ƙofofin nan huɗu ne, kuma ƙarfafa hukuma ba kome ba ne illa gyaran su.

Ta fari ita ce ta mai unguwa, ko jauro kamar yadda muke cewa a nan, tare da limami da fasto. Su ne mafi kusa, su ake jin kunya. Sulhu aikinsu ne tun kaka da kakanni, kuma yana da kyau, gama harshe da haƙori ma sukan saɓa. Abin da suke bukata shi ne a koya musu rarrabe saɓani da laifi. Gardama a kan cefane saɓani ce, a zauna a gyara. Amma in jini ya zuba, ko an karya ƙashi, ko an taɓa yarinya, magana ta fi ƙarfin zaure. Ya kamata kowane mai unguwa ya kasance da littafin da zai rubuta ƙarar da aka kawo masa da ranarta, da lambar wayar wanda zai miƙa wa. Duka yakan fara da mari ne, ya yi ta ƙaruwa. In littafi ya nuna an kawo mutum sau uku, ba sai an jira na huɗu ba.

Ta biyu ita ce ta 'yan sanda. Ku yi tunanin mace a tsaye gaban kanta, ga mai ƙarar satar akuya a damanta, ga direban da aka kama a hagunta, a ce ta faɗi abin da aka yi mata. Bakinta ba zai buɗe ba. Saboda haka ne mutanen Barazil suka buɗe ofishin 'yan sanda na mata zalla a birnin Sao Paulo a 1985. Mu ko ba mu kai nan ba, kowane ofishi yana bukatar ɗaki guda mai ƙofa, da 'yar sanda mace wadda aka horar, kuma a bar ta ta daɗe a wurin. Ina amfanin a koyar da mutum wata uku, sa'an nan a ɗauke shi a kai shi tsaron hanya? Sai kuma man mota da takarda. Duk inda aka bar wa mai ƙara nauyin waɗannan, matalauciya ta fita daga cikin doka ke nan.

Ta uku ita ce ta asibiti, a nan kuwa lokaci shi ne kome. Wadda aka yi wa fyaɗe, in ta isa kafin awa 72 su cika, akwai maganin da za a fara ba ta na kwana 28 wanda ke tare ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki. In lokacin ya wuce, damar ta wuce. Shaidar da likita zai rubuta domin kotu ma takan ɓace in an yi wanka, an wanke tufafi, an kwana biyu ana shawara a gida. Don kada a riƙa yawo da mai ciwo daga wannan ofis zuwa wancan, sai aka ƙago tara likita da mai ba da shawara da hanyar 'yan sanda a wuri guda. Ruwanda ta buɗe irin wannan, mai suna Isange, a Kigali a 2009. Ikko ta buɗe Mirabel a 2013. Mu ma an buɗe mana Hope Centre a Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta. Mutumin Ajiya yana iya isa can cikin ɗan lokaci. Amma jihar nan ƙananan hukumomi 21 gare ta, ku dubi nisan Toungo ko Madagali. Dole ne kowane babban asibiti ya sami ma'aikaciyar jinya da ta san wannan aiki, da maganin a ajiye cikin kabad.

Ta huɗu ita ce ta kotu. Abin da ke kashe irin wannan ƙara shi ne ɗagawa. Yau an ɗaga, wata mai zuwa an ɗaga, mai ƙara kuwa kullum tana komawa unguwa ɗaya da wanda ta kai ƙara, dangi suna matsa mata ta janye. Maganin wannan shi ne alƙalai su san takardar kariya su riƙa ba da ita da sauri, a saurari shaidar yarinya ba a gaban taro ba, a kuma sami gidan da mace za ta fake da 'ya'yanta kafin a yanke hukunci. Wadda ba ta da kuɗin lauya, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, sai dai mata nawa suka san da su?

Duk waɗannan kuɗi suke ci. Bayan da Boko Haram suka ci Mubi a ƙarshen Oktoba, 2014, dubban mutane suka kwararo Yola, wasu a Malkohi, wasu a Damare, wasu a harabar majami'ar St. Theresa da ke Jimeta, mafi yawansu mata da yara. Ƙungiyoyin waje suka shigo da taimako. Daga 2019 zuwa 2023 Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya suka gudanar da shirin Spotlight a jihohi biyar da Abuja, Adamawa na cikinsu. An gode musu. Amma shiri irin wannan yana da ranar ƙarewa, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Sai gwamnatin jiha ta sa wannan aiki cikin kasafinta na kowace shekara, ta kuma saki kuɗin. Sa'an nan a riƙa lissafi: ƙara nawa aka kawo bana, nawa suka isa kotu, nawa aka yanke. Hukumar da ba ta ƙirga aikinta ba za ta san inda yake yoyo ba.

Na san wani zai ce wannan tonon asirin gida ne, hukuma za ta kashe aure. Ni dai abin da na gani, dukan ne ke kashe aure, wani lokaci ma ya kashe matar. Takardar kariya ba ta raba aure, hannu take riƙewa. Ban kuwa taɓa jin limami ko fasto ya tsaya gaban jama'a ya yabi wanda ya karya hannun matarsa ba. Kuma ga inda rigakafin yake: mutumin da ya tabbata mai unguwa zai rubuta, ɗan sanda zai zo, likita zai ba da shaida, alƙali zai yanke, zai yi tunani kafin ya ɗaga hannu. Tabbacin hukunci ya fi tsananinsa hana laifi.

Saura mu. Dokar 2015 ta ambaci malamin makaranta da sunan aikinsa cikin waɗanda ke iya nema wa wani takardar kariya. Ashe mu ne ƙofa ta biyar. Yaron da uwarsa ta kwana tana kuka, gobe a ajinmu zai yi gyangyaɗi. Yarinyar da aka taɓa, mu za mu fara ganin ta daina magana, ta daina wasa. In ta buɗe baki, mu saurara, kada mu tsare ta da tambayoyi kamar masu bincike, kada mu ce ƙarya take. Mu rubuta abin da ta faɗa da ranar, mu sanar da hedimasta, a fara da asibiti. Kada mu tafi mu tari wanda ake zargi da kanmu, kada kuma labarin ya zama hirar ɗakin malamai.

Binciken nan na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na mata, da kashi 21 na maza, suna ganin akwai dalilin da zai sa miji ya doki matarsa. Ba a haifi kowa da wannan tunani ba, koyonsa aka yi. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ga malaminsa yana gyara kuskure ba da bulala ba, ya ga an ba yarinya shugabancin aji an kuma bi ta, ya koyi darasin da zai kai gidansa nan da shekara 15.

Roƙona ga hukumar kwalejinmu shi ne, kafin a tura mu koyon aiki, a gayyato ma'aikaci daga Ma'aikatar Mata ta jiha, da 'yar sanda, da ma'aikaciyar jinya, su yi mana bayani ko na yini guda ne. Kowannenmu kuma, ranar da ya sauka garin da aka tura shi, ya nemi sanin gidan mai unguwa, da ofishin 'yan sanda, da asibiti mafi kusa, ya rubuta su a bangon littafin darasinsa. Allah ya ba mu ikon riƙon amanar 'ya'yan mutane, amin.