Ko Kun Sani?

Faifan da ake ɗauka shi ne mafi fice a ayyukan ƙungiyar The Zombies ta Ingila, wato Odessey and Oracle, ya fito ne bayan ƙungiyar ta riga ta watse. A 1967 suka naɗi yawancinsa a Abbey Road da ke Landan, da ɗan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Waƙoƙin da aka fara saki ba su yi kasuwa ba, aljihu ya bushe, kowa ya kama gabansa. Mawaƙinsu Colin Blunstone ma aikin ofis ya koma, a kamfanin inshora. Da faifan ya fito a Afrilun 1968, ko kallo bai samu ba. Kwatsam a 1969 sai waƙar "Time of the Season" da ke cikin faifan ta haye lamba 3 a jerin Billboard na Amurka. Ganin masu ita ba sa nan, wasu 'yan dabara suka kafa ƙungiyoyin bogi suna zaga garuruwa da sunan The Zombies. Cikin ɗayarsu har da Dusty Hill da Frank Beard, waɗanda daga baya suka shahara a ƙungiyar ZZ Top.