Mutum 140,431,790: Yadda Lissafin Ƙidaya Ya Shafi Kujerun Abuja

Duk ɗan Arewa da ke neman abinci a Agege ko Sabon Ibadan ko Fatakwal, idan malaman ƙidaya sun shafa masa tawada a yatsa cikin watan Maris na 2006, to yana cikin wannan adadi: 140,431,790. Shi ne jimillar mutanen Nijeriya da Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, mai hedkwata a Abuja, ta tabbatar. Maza 71,345,488 ne, mata kuwa 69,086,302.

Girman adadin ya wuce yadda ake zato. In mutum ya zauna yana ƙirga ɗaya-ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba cin tuwo, sai ya shekara 4 da wata 5 bai gama ba. Da a ce wuri ne irin na kakanni, waɗanda ke ɗura 20,000 a keso guda, da an cika keso 7,021, saura wuri 11,790.

Wajen rabo kuwa adadin yana da taurin kai. Da yake sifiri ne a ƙarshensa, yana rabuwa gida 2 da gida 5 da gida 10 ba saura. Amma in aka tara alƙalumansa tara sai a sami 29, wadda 3 ba ta raba ta, watau ke nan adadin ba ya rabuwa gida 3 ko 6 ko 9. Gida 4 da gida 8 ma ba ya rabuwa, a gida 7 kuma sai 2 ta yi saura.

To, ga inda zancen ya shafi kowa. Majalisar Wakilai da ke Abuja tana da kujeru 360 tun 1999, kuma tsarin mulki ya ce mazaɓu su yi kusan daidai wajen yawan jama'a. In aka raba mutanen ƙasa a kan kujerun nan, kowane wakili zai tashi da mutum 390,088, saura 110.

Jihar Kano mai mutum 9,401,288 tana da kujeru 24, watau wajen mutum 391,700 ga kowane wakili. Ikko mai 9,113,605 ita ma 24 gare ta, wajen 379,700 ke nan. Amma yankin Abuja, inda aka ƙirga mutum 1,406,239, kujeru 2 kacal yake da su. Kowane wakilinsa yana ɗauke da mutum fiye da 703,000, kusan ninki biyu na abokan zamansa.

Ana ƙirga mutum ne a inda aka same shi, saboda haka Bakanon da aka rubuta a Agege yana cikin lissafin Ikko. Yawan jama'a kuwa yana cikin ma'aunin da ake raba wa jihohi kuɗin tarayya. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Ran da aka sake fitowa da tawada, inda baƙo ya kwana nan za a rubuta shi.