Agadas: Birnin da Baƙo Ke Yanke Kuɗin Haya

Jama'a masu sauraro, musamman 'yan uwanmu na Upper Iweka da sauran sassan Anaca, da na Fatakwal da Inugu, waɗanda neman halali ya kai su zaman haya a ƙasar da ba tasu ba, shirinmu na yau zai nufi arewa, ya ƙetare Kano da Damagaram, ya sauka Agadas ta ƙasar Abzin, domin mu duba al'amarin gidaje a birnin da hamada ta kewaye, wanda kuma tun fil azal arzikinsa yake rataye da ƙafar baƙo.

Duk wanda ya shiga tsohon gari, abin da zai fara cika masa ido shi ne hasumiyar babban masallaci, wadda aka gina da jar ƙasa wajejen 1515, tsawonta mita 27, itatuwa sun fito daga jikinta ta kowace fuska domin magina su sami abin takawa ran yaɓe. A ƙarƙashinta unguwanni goma sha ɗaya ne, irin su Katanga da Amarewat da Obitara da Unguwar Bayi, lungunansu a murɗe, katangunsu masu kauri, ta yadda ko rana ta take tsaka mutum zai shiga zaure ya ji sanyi ya ratsa shi ba tare da fanka ba. Har yau akwai gidan da wani matafiyi Bajamushe mai suna Barth ya sauka a 1850, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sanya wannan sashe cikin kayan tarihin duniya.

Bayan zamanin ayarin gishirin Bilma ya ja baya, Turawa masu yawon buɗe ido ne suka zama baƙin garin, suna zuwa da sanyin hunturu, jiragensu na tasowa daga Faransa, har masu hali suka mai da gidajen gado masaukai, maƙeran azurfa da direbobin hamada kuma suka sami abin yi. Tawayen da ya ɓarke a yankin a 2007 ya yanke wannan hanya, ɗakunan suka zauna wayam.

To, amma Agadas ba ta daɗewa babu baƙo. Da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011, sai matafiya masu nufin Libiya suka yi ta kwararowa daga Senigal da Gambiya da Gana da kudancin Nijeriya, ana tara su da yawa a gida guda a bakin gari, kowa da tabarmarsa da jarkarsa ta ruwa, suna jiran motocin ranar Litinin. Ku da kuke ganin dogayen motoci na tashi daga Upper Iweka, ku sani wasu daga 'ya'yan masu gidajen da kuke haya sun taɓa zama 'yan haya a can, a hannun Bahaushe ko Buzu. A 2014 kuma aka sami zinariya a Jado, waɗanda Allah ya tarfa wa garinsu nono suka dawo suka zuba dukiyar a fuloti da bulo da kwano, alhali ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da na ƙasashen waje suna biyan hayar da malamin makaranta ba zai ko yi mafarkinta ba. Garin da ƙidayar 2012 ta ba shi mutum sama da 110,000 ya miƙe ta kowace kusurwa, unguwanni irin su Dagamanet da Misrata suka cika.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a duk wannan hawa da sauka, ɗan gari talaka ne ke kwana a ciki. Dokar da gwamnati ta kafa a 2015 ta haramta safarar matafiya, aka kama motoci, aka soke dokar a Nuwamban 2023, sojojin Amurka suka bar sansaninsu na Agadas a 2024, amma wanda tsadar haya ta riga ta tura bayan gari, inda famfo bai kai ba, yana nan yana sayen ruwa a hannun 'yan garuwa. Malamanmu na fiƙihu sun yi dogon bayani a babin ijara da na shuf'a da haƙƙin maƙwabtaka, domin sun san gida sutura ne kafin ya zama haja, kuma dillalin da ya manta da wannan ya ci la'ada da haƙƙin mutane a ciki.

Sannan ga ruwa. Ambaliyar Satumban 2009 ta rusa gidaje masu yawa a Agadas, ta tuna wa mutane cewa ƙoramar hamada, ko ta shekara nawa a bushe, ba ta manta hanyarta. Ginin ƙasa kuwa yana son yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, kuma idan gida ya zama na magada ashirin, kowa na jiran ɗan uwansa, sai soro ya zube a kan gadon kowa.

Saboda haka, 'yan uwa, wanda yake tara kuɗin albasa ko na shanu a nan Kudu yana aikawa gida a saya masa fuloti, a Agadas ne ko a Maraɗi ko a Kano, ya tambayi dattawan wurin inda ruwa ke bi kafin ya tambayi dillali farashi, kuma in yana da rabo a gidan gado, ya aika da nasa kuɗin yaɓen tun kafin hadari ya haɗu. A nan muka kawo ƙarshen shirin.