Bin Sawun Hafsan Mayaƙan Sama a Takardun Yaƙi

Wanda duk ya yi niyyar binciken aikin sojan wani hafsa a Yaƙin Duniya na Biyu, watau daga 1939 zuwa 1945, zai tarar da shaidu iri biyu: abin da hafsan ya faɗa da bakinsa, da abin da hukuma ta rubuta a kansa. Sau da yawa ba su jituwa.

Bari mu ɗauki misalin Roald Dahl, marubucin nan na Ingila. Ya shiga rundunar mayaƙan sama ta Ingila a Nairobi cikin Nuwamba 1939, ya koyi tuƙi, aka ba shi muƙamin hafsa. A 1942 wata mujalla ta Amurka ta buga labarinsa, aka nuna cewa abokan gaba ne suka harbo jirginsa a Libiya. Labarin ya bazu ƙwarai, domin lokacin ana bukatar jarumai. Amma abin da ya auku ran 19 ga Satumba 1940 dabam ne. An tura shi ya kai jirgi samfurin Gladiator ga rukuni na 80, bai gane filin saukar ba, ga dare ya kawo jiki, ga mai ya kusa ƙarewa. Sai ya sauka cikin hamada kusa da Marsa Matruh a ƙasar Masar, jirgin ya yi karo da dutse, kansa ya fashe, ya yi kwanaki ba ya gani. Ba wanda ya harbe shi. Shi kansa ya gyara zancen daga baya.

To, ina mai bincike zai dosa? Farko dai London Gazette, jaridar gwamnati, wadda ke buga ranar da aka naɗa hafsa, da ƙarin girmansa, da lambar yabo in ya samu. Wannan ƙashin bayan tarihin ne kurum, ba ta faɗin inda mutum ya yi yaƙi. Naman yana cikin kundin ayyukan kowane rukuni, wanda ake cikawa a fom mai lamba 540 da 541, ana ajiye da shi a gidan adana takardun tarihi na Kew, a Landan, ƙarƙashin lamba AIR 27. A nan ake ganin wa ya tashi, da wane jirgi, ƙarfe nawa, da ko ya komo. Sai dai fa ma'aikatan da ke zauren nan sun san halin fayil: wani jami'i ne ya cika shi, wataƙila a gajiye cikin tanti, kuma rukunin da ya ja da baya a gurguje, kamar yadda aka yi a Girka cikin Afrilu 1941, inda Dahl ya yi yaƙi na haƙiƙa, ba kasafai takardunsa ke tsira cif ba.

Saura littafin tashi na matuƙin kansa, inda yake rubuta kowace tafiya, shugabansa ya sa hannu. A ganina ya fi sauran daraja, amma samunsa sai an dace, gama a 1960 hukuma ta lalata mafi yawan waɗanda ba a zo an karɓa ba. Galibin waɗanda suka rage suna hannun iyalai, don haka can ya kamata a fara sallama.